Ki Ce Baba Ya Sake Tambayata

Zuwa ga Goggona,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da dukan mutanen gida. Yaya ƙafarki? Kullum muna sa ki a addu'a, Ubangiji ya ɗauke miki ciwon nan. Mu ma muna nan lafiya. Tarin Mama ya tafi. Auta ya fara tafiya, yana bin bango yana jawo duk abin da hannunsa ya kai. Ni kuma na samu shiga aji ɗaya na sakandare.

Goggo, akwai maganar da na kasa faɗa wa kowa, shi ya sa na ɗauki biro. Kin san shekara shida ke nan ikilisiyarmu tana taruwa a falonmu. Ashe layi uku kacal daga gidanmu akwai wasu masu dasa ikilisiyoyi kamar su Baba, suna taruwa a shagon wani tela. Koyarwarmu ɗaya, waƙoƙin ma kusan ɗaya. Ba a san da juna ba sai ranar da Baba da Tela suka yi kiciɓis a ƙofar wata tsohuwa, kowa da Littafi a hammata, sun zo yi mata addu'a. Tsohuwar ta ce ta gode, amma su riƙa raba ranaku, don kujerar baƙi ɗaya gare ta.

Daga nan shugabanninmu da nasu suka yi ta zama har suka haɗa kai. Suka yarda cewa duk inda taro biyu ke kusa da juna, a mai da su ɗaya, a aika ma'aikacin da ya rage zuwa inda babu ikilisiya, tare da mutum ɗaya daga ɗayan ɓangaren. Yaran da ke makaranta kuma, mutanen ɗayan ɓangaren ne za su riƙe su, wai don kada zumuncin ya tsaya a takarda. Shagon ya fi falonmu faɗi, saboda haka mu ne muka koma can, Baba kuma shi za a aika. Wurin da za a aika shi tafiyar kwana biyu ce daga nan, kuma babu sakandare.

Ranar da muka fara sujada tare, an tura kekunan ɗinki jikin bango an rufe su da yadi. Bayan wa'azi wani dattijo ya kira ni gaba. Ba wanda ya gaya mini za a yi haka. Ya dafa kaina ya ce, “'Yata, kin yarda ki zauna wurin Tela da matarsa, iyayenki su tafi aikin Ubangiji?” Mutane sun fi sittin, kowa ni yake kallo. Kin san ni, Goggo, ko baƙo ɗaya ya shigo gida sai na gudu ɗaki. Na zuba ido kan guntayen zare da ke ƙasa, na ji bakina ya ce, “To.”

Sai tafi ya tashi, aka kama waƙa. Baba ya miƙe da hawaye, ya ce wannan ne abin da ya fi jin tsoro, amma ga shi Ubangiji ya amsa ta bakin yarinya. Tun ranar, duk inda ya je sai ya ba da wannan shaida. Har an ce wasu iyalai biyu sun yarda su bar 'ya'yansu saboda ni. Yanzu ta yaya zan tsaya gabansa in ce ba haka ba ne?

Mama ta sani. Shekaranjiya tana yi mini kitso, sai na ji ɗumin hawaye a wuyana. Ta tambaye ni me ya hana ni duban inda take kafin in amsa. Ta ce ita ba za ta iya magana ba, kada a ce ita ce ke jan ƙafar mijinta baya.

Ba na cewa su Tela mugaye ne. Matarsa ta auna ni ta ɗinka mini kayan makaranta da hannunta, tana tsokanata wai sai ta rataya mini ƙararrawa don ta riƙa sanin ina cikin gidan. Amma su a tsaye suke addu'a, kowa na ɗaga murya lokaci ɗaya, mu kuwa durƙusawa muke ana yi ɗaya bayan ɗaya. In suka fara, ban san inda zan sa hannuwana ba. An kwashe bencinan falonmu, sai sawunsu a siminti. Mama ta fara raba kaya, nawa a jaka dabam. In na tuna Auta zai koyi magana ba na kusa, sai kuka ya zo mini.

Saura kwana goma sha tara su tashi. Ke ce yayar Baba, ke kaɗai kike ce masa zauna ya zauna. Don Allah ki kira shi. Ba na so aikin ya tsaya, ba na so ya ji kunya gaban dattawa. Na yarda in rasa shekara ɗaya ta karatu, in bi su da littattafaina. Kada ki ce masa ina kuka. Ki ce kawai ya sake tambayata, mu biyu a ɗaki. In ya ji amsata ya ce duk da haka in zauna, zan ɗauki jakata in tafi gidan Tela.

Ki gaishe mini da Baba Direba, da Yaya Babba da maigidanta, da 'yan biyu. Ubangiji ya tsare ku duka.

Ni ce 'yarki,
ta fari a ɗakin ƙanenki.