Salatif a Bayan Rigar Whitlock

Alhamis, 25 ga Afrilu

Sun yi abin da nake gudu. Zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasan ƙwallon Amurka, maimakon ƙungiyarmu ta ɗauko ƙaton da zai tare gaba, sai ta ɗauko wani mai jifa, wato jagoran da ke jefa wa 'yan wasa ƙwallo, Braxton Oyler, yaro ɗanye daga jami'a. To mai jifanmu Dorsey Whitlock fa? Shekara biyu yana benci yana koyo, bara aka miƙa masa jagorancin fili ba masu kare shi, ya sha duka kamar ganga. Yanzu da ya fara gane hanya za a ce ya matsa.

Abin da ya fi ci mini rai, ƙanina Wendell ne ya yi tsallen murna a falona, har ya kifar mini da miyar wake a kafet.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Wendell ya kira. Ban ɗauka ba.

Talata, 30 ga Afrilu

Ina hanyar aiki na ji muryarsa a rediyo, shirin da masu sauraro ke buga waya. Wai Whitlock ba shi da ƙarfin jifa, a sallame shi ko a dala ɗaya. Wendell ɗin da muka tsaya tare cikin ƙanƙara a watan Disamba, haƙoransa na kaɗawa, yana cewa, "Yaya, ko sau goma za a ci mu, ba ma gudun yaron nan." Na tsaya a gidan mai na kashe rediyon. Na ji an ci amanata, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Lahadi, 8 ga Satumba

Wasan farko. Ana gashin nama a bayan motoci a bakin filin wasa kamar kullum, sai ga Wendell sanye da rigar Whitlock ɗin da na saya masa. Ya manna salatif a kan sunan, ya rubuta OYLER da baƙin alƙalami.

Na san rabin garin nan haka suke yi. Akwai mai rigar da salatif ɗinta ya yi hawa bakwai, yana ma alfahari da ita. Amma a gidanmu ba a taɓa ba. Baba ya sha faɗa mana, mai jifa sai ya shekara uku a fili kafin a yanke masa hukunci.

"Yaya, riga ce fa, ba igiyar aure ba," in ji shi.

Na ce, "Kai dai tun kana ƙarami ba ka iya jiran abinci ya huce."

Kujeru biyun da Baba ya bar mana a filin manne suke da juna. Har aka tashi ban ko kalli inda yake ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

An sallami Whitlock. Na gaya wa Wendell ya nemi mai zama a kujerata, ni da filin nan har abada.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Wanki na yi. Talabijin ɗin a kunne yake, ana nuna wasanmu, don dai gidan kada ya yi shiru.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Sau uku abokan hamayya suka cafke jifan Oyler yau. Filin ya ɗauki ihu a cire shi, mutanen da suka yi masa tsalle a Afrilu. Aka nuno shi a talabijin zaune a benci, tawul a ka, ba wanda ya matsa kusa da shi. Ko gemu bai gama fito masa ba.

Da yamma Wendell ya kira, na ɗauka bisa kuskure. Wai akwai wani yaro a wata jami'a a Texas, shi ya kamata mu zaɓa baɗi. Ko kunya.

Ni ban ce Oyler ya burge ni ba. Amma ƙafarsa ta baya yake ɗagawa da wuri in zai yi jifa, abu ne mai gyaruwa. Na mayar da hoton baya na sake dubawa, don tabbatarwa kawai.

Na ce, "Wa ka ba kujerata?"

Ya ce, "Ba kowa, Yaya. Jaket ɗina nake ajiyewa a kai."

Na ce ya ɗauke jaket ɗinsa Lahadi mai zuwa. Ba don shi ba. Ya kamata a samu mutum ɗaya a layin nan da ba ya ihu.