Na Koma Ɗaya Gefen

Zuwa ga 'yata ta fari,

Bayan gaisuwa, da roƙon Allah Ya sanyaya makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Lokacin da nake koyarwa a lakwal ɗin Gangara, makarantar bokon nan, abin da nake fara gaya wa yara shi ne kada su rubuta wa wanda ba su san inda takarda za ta same shi ba. Yau ga Mushe, kamar yadda ake kiran mu malaman lakwal, ya karya dokarsa. Ina da labari ne, kuma duk Damargu ke kaɗai ce za ki san amfaninsa.

Bari in fara da na gida. Damina ta zo a makare ta tafi da wuri, gero bai yi kai ba. Ƙanenki Sani yana can Arewa, ƙetaren hamada, har yanzu, yakan kira idan ya tuna. Kurnar tsakar gida ta bushe ta gefen gabas. Maƙwabciyarmu Tamu ce ke aiko mini kunu safe da yamma, ita ma gwiwa ta hana ta sakat. Ɗakinki na nan yadda kika bar shi, sai dai gara ta shiga tabarma.

Tanon nan sun dawo. Kin san waɗanda nake nufi, manyan gangunan ƙarfe na guba da masu feshin maganin fara suka bari tun kina ƙarama, waɗanda muka wanke da toka muka mayar na ruwan sha da na ajiyar wake. Kin bi ƙauyuka daga Ollelewa har kwarin Tarka kina roƙon mutane su bari a huda su, don kina zargin gubar da ta saura a cikinsu ce ke kawo sankara. Kin huda da yawa. To, akwai mai walda a bakin kasuwa da ya gano yadda ake liƙe hujin, kuma layi ake yi a wurinsa. Ba na ganin laifin kowa. Kin san ƙishirwar Tanut. Matar da ta yi tafiyar rabin yini zuwa rijiya, me za ta zuba ruwan a ciki? Bidon na roba rana ke fasa shi, tano kuwa ya fi mai shi daɗewa.

Aikinki ya tsaya. Waɗanda ke biyan kuɗinsa sun tattara sun tafi. Kwalaben jini da na ruwa da kika tara a Damagaram, an ce wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, sanyin ya tafi, aka zubar. Na tambayi inda takardunki suke, kowa ya nuna mini wani ofis.

Abin da ya fi cin raina kalma ɗaya ce. Sanƙarau ne ya ɗauke ki, a tsakiyar bazara, wuyanki ya ƙage kamar na yaran da aka kwantar kusa da ke. Amma da labari ya bi waya ya isa ƙauyuka, sai ya zama sankara. Aka ce cutar da kike bi ce ta juyo ta kama ki. A zaman makoki na yi ta gyara wa mutane kamar ina cikin aji, ina cewa ƙa ce, ba ka ba, cuta biyu ne, ba su haɗa komai ba. Suka dinga gyaɗa kai suna ba ni haƙuri, a ganinsu baƙin ciki ne ya taɓa tsoho. Yanzu daga nan har Belbeji magana ta zauna: wanda ya tsananta bin sawun sankara, ita ma za ta bi nasa. Matan da suka saba buɗe miki bakinsu, ko wani ya zo da tambayoyinki ba za su amsa ba.

Kin tuna yadda kike yi wa dattawa bayani? Ki ja layi a ƙasa da kara. Gefe ɗaya ki zuba tsakuwa, waɗanda suka sha ruwan tano suka kamu. Ɗaya gefen waɗanda suka sha suka zauna lafiya. Kina cewa ba ki tabbatar da komai ba tukuna, wannan cuta ba ta gaggawa, sai an bi mutane har ƙarshen rayuwarsu a ga inda kowace tsakuwa ta faɗa. Mutane na son lokotoro mai allura, ke kuwa tambaya kike kawo musu. Mahaifiyarki tana gefen farko. Na san saboda ita kika shiga wannan hanya, tun ranar da kika ga abin da ya cinye mata nono kina 'yar lakwal. Ba mu taɓa yin zancen ba, ni da ke.

Ni ina gefe na biyu. Kuma da ni aka yi ta dukan ki. Duk inda kika tsaya sai wani ya ce ai ga ubanki nan, tano ɗaya suka sha da matarsa, ga shi har furfura ta gama shi yana tafiya masallaci da ƙafarsa. Kina dariya ki ce tsakuwa ɗaya ba ta yanke hukunci. Amma ina ganin fuskarki idan kin dawo gida. Lafiyata ta zame miki ƙaya, ni kuma ban san yadda zan ba ki haƙuri a kanta ba.

To ga labarin. Tun bayan Sallar Layya tuwo ya daina wuce mini. Sai na koma fura, yanzu kunu ma sai an tsinka shi. Wandona ya yi mini yawa. Manjo, babban ma'aikacin gidan likita, ya taɓa wuyana, daga baya ya tura ni Damagaram. Can suka zura abin dubawa, suka faɗi sunan cutar a Faransanci a tsakaninsu, sun ɗauka tsohon da ke sanye da tsohuwar riga ba ya ji. Na ji, sankara ce. Suka ce in wuce Yamai. Ba zan je ba. Da wane ƙarfi, kuma wa zai zauna a gefen gadona?

Zan gaya miki abin da ba zan iya gaya wa liman ba. Da na ji sunan, kafin tsoro ya zo, daɗi na ji. Na ce a raina yau an raba su da hujjarsu. A cikin motar dawowa ina ta shirya yadda zan faɗa miki, sai da muka wuce Bakin Birji na tuna.

Wa zai ɗauke tsakuwata ya mayar ɗaya gefen? Na gaya wa abokan zamana na ƙofar masallaci, suka ce tsufa ne, kowa da sanadinsa. Wataƙila ma gaskiyarsu ce. Ke da kanki ba za ki yarda da maganata haka kawai ba, na san ki. Za ki zauna a tabarma ki tanƙwashe ƙafa ki yi mini tambayoyin da kike yi wa kowa. Na ji su sau da yawa ta bayan zana har na haddace. Ga amsa.

An haife ni a Gangara, ruwan rijiya da na tabki na sha har na girma. Ruwan tano na sha tun daga shekarar da fara ta mamaye gonaki har ranar da kika huda namu da hannunki. Waken da muke ci a cikin irinsa ake ajiye shi, kuma nakan ji ɗan wari idan an buɗe, kamar na kananzir. Taba ban taɓa sha ba. Goro na ci har haƙora suka ƙare. Shayi ina shan sa da zafinsa, kin sha hana ni. Hayaƙin murhu bai dame ni kamar mahaifiyarki ba. Da aka yi feshi ina tsaye a gona, na ɗaga kai ina kallon jirgin. A danginmu ban san wanda ya yi irin wannan ciwo ba, amma a da ba a sa wa mutuwa suna.

Iyakar abin da na sani ke nan. Ban san ko ya isa ba. Ban san ko tano ne, ko shayin ne, ko kwana ne kawai ya ƙare. Ke ce za ki auna, kuma ba kya nan. Idan na tafi za a ce Mushe ya sha ruwan tano ya mutu da tsufansa, a ci gaba da kafa hujja da ni a kanki ina cikin ƙasa. Wannan ne ke hana ni barci, ya fi ciwon.

Saura abu ɗaya. Ke 'yar fari ce, kunya ta hana ni kiran sunanki tun ranar da aka raɗa miki shi. Kina ƙarama ina cewa ke yarinya. Da kika girma na koma cewa Lokotoro, kamar kowa. Da aka kira ki a gaban jama'a aka yaba aikinki, na sunkuyar da kai kamar ba a gidana kika tashi ba. Haka aka koya mana, kuma ba ki taɓa nuna kin damu ba. Kin damu? A bakin kabari ma da liman ya ambace ki, leɓena bai motsa ba.

Amma na koya wa yara cewa wasiƙar da ba ta da sunan mai karɓa ba wasiƙa ba ce. Bakina ba zai iya ba har yanzu, na gwada ɗazu, ni kaɗai a ɗaki. Hannu ya fi baki rashin kunya.

Salamatu. Na koma ɗaya gefen. Ki gyara lissafinki.

Sai na iso.

Mahaifinki,
Mushe Idi, wanda ya ajiye alli, Tanut