A Dawo Mini da Duwatsun Murhun Ladi

Zuwa ga Shugaban Shirin Sauya Murhu, ofishin Zuru.

Ranka ya daɗe,

Yau Alhamis na tashi da sauƙi, sai dai tarin da ya saba da ni, da gwiwar da ba ta miƙewa sai rana ta ɗaga. A yi haƙuri da rubutun tsoho. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya.

Ni tsohon malamin firamare ne, mazaunin Rikoto, ni kaɗai a gida. Na rubuto a fili ne domin wasiƙu biyu na kai ofishinka ban sami amsa ba.

Na farko, ban zo kushe shirinku ba. Mako uku da suka wuce ma'aikatanka biyu suka zo, suka ce duk wanda ya ba da tsohon murhunsa za a sayar masa da sabo a rabin kuɗi. Na yarda, na biya. Sabon murhun yana cin itace kaɗan, hayaƙinsa ma kaɗan ne. Da ya zo da wuri, wataƙila da ciwon ƙirji bai ɗauke matata Ladi ba. Wannan na sani, ba sai an gaya mini ba.

Na biyu, takardarku ta ce a karɓi tsohon murhu. Na ɗauka irin na ƙarfe ake nufi, wanda maƙera ke yi. Namu a nan duwatsu uku ne. Na shiga ɗaki neman tabarau don in sa hannu, kafin in fito sun tone duwatsun, sun rubuta musu lamba arba'in da ɗaya da farin fenti, sun ɗora a bayan mota. Da na yi magana aka ce doka ce, sai da shaida ake yin rangwame. Ranka ya daɗe, dutse ne abin ƙwacewa a ƙasar Zuru? Wanda aka tone wa uku yau, gobe zai ɗauko wasu uku a bayan gidansa.

Na uku, bari in faɗi abin da aka ɗauka. Shekara bakwai na yi ina golmo, noman da saurayi ke yi wa surukinsa kafin a ba shi mata. Ina hutun makaranta, ina gonar mahaifin Ladi. Da aka ba ni ita, da kanta ta zaɓo duwatsun nan a gindin dutsen ƙauyensu, ɗaya bayan ɗaya. Guda ya fi sauran gajarta, sai ta tokare shi da tsingaro, kuma ba ta taɓa yarda a canza shi ba. Duk inda aka yi mini canjin wurin aiki, da su muke tafiya. Lokacin da aka mayar da ni Mahuta, direban babbar mota ya yi ta dariya wai bai taɓa ganin matar malami tana ƙaura da duwatsu ba. Ba ta kula shi ba, ta naɗe su a tsohon buhu ta zauna a kai har muka isa.

A kansu ta dafa tuwon sunan 'ya'yanmu. A gefensu ɗanmu, wanda yanzu yake barikin soja a kudu, ya koyi karatu, ina rubuta masa baƙaƙe a cikin toka da tsinke. Da sanyi ya shigo, maƙwabta kan zagaye su ana gasa gyaɗa da rogo. Ko wuta ta mutu, duwatsun suna riƙe ɗumi har safiya, nakan ɗora tafin ƙafata a kan gajeren kafin in tafi makaranta. Bayan rasuwarta ma ban daina ba. Sabon murhunku yana ɓoye zafinsa a cikinsa. Yana dafa tuwo, amma ba ya ɗumama tsoho, kuma ba wanda ke zama kusa da shi.

Na huɗu, ran Litinin na hau babur na je ofishinka. Na ga duwatsun mutane an jibge su a bayan gini, tsibi guda, duk baƙaƙe da hayaƙi. Ƙafata ba ta bar ni na hau na duba ba. Mai gadi ya shaida mini cewa mako mai zuwa za a zuba su a harsashin katanga. Wani ma'aikaci mai ladabi ya rubuta lambar duwatsuna a tafin hannunsa, ya yi alkawarin kawo mini su yau da hantsi.

Roƙona, ranka ya daɗe: a dakata da aikin katangar nan har a ciro lamba arba'in da ɗaya. In fentin ya goge, a kai ni a zaunar da ni, zan gane su ko cikin dubu. In rangwamen ne matsalar, a janye shi, zan cika kuɗin daga fanshona. Ba zan ƙara hura wuta a kansu ba, na yi alkawari. Sannan a gaya wa ma'aikatanka su riƙa tambayar tsofaffi kafin su tone abin da suka tarar a ɗakin girki.

Allah ya taimake ka a kan aikinka, ya ba ka tsawon rai, ya sa idan ka tsufa a bar maka abin da matarka ta taɓa da hannunta.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malami, Rikoto.

Ƙari: Na jinkirta rufe wasiƙar nan ina jiran ma'aikacin. Na share tsakar gida, na fito da kujera, na dafa masa shayi a kan sabon murhu. Yanzu la'asar ta wuce, shayin ya huce, bai zo ba. Ramukan nan uku suna nan a ɗakin girki, ban cike su ba.