Ashe Mu Biyu Ka Kawo Makaranta

Zuwa gare ka Yayana, mijina, inuwar da nake fakewa a cikinta idan rana ta take, ruwan sanyin da ke kashe mini ƙishi, hasken safiya a tagar zuciyata.

Ina gaishe ka gaisuwar wadda kewa ta hana sukuni. Yaya shago da ƙurar katako? Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. To ai a waya ni da kai duk 'yan wasan kwaikwayo ne: ka ce lafiya lau, in ce lafiya lau, sai mu yi sallama. Akwai maganar da nake ɗaukowa har bakin leɓe ta koma. Bari alƙalami ya faɗe ta, shi muryarsa ba ta rawa.

Har yanzu ba a fara shiga aji ba. Daga layin rajista sai layin ɗaukar hoton katin shaida, sai a zagaya da mu a nuna mana laburare da ɗakunan lacca, muna bin jagora ɗuu kamar 'yan tsaki. 'Yan ɗakinmu duk ƙannen bayana ne, tun ranar farko suka raɗa mini Anti. Mai gadon samana ba ta iya ko wanke farin kaya ba, ni nake koya mata, ita kuma tana koya mini latsa kwamfuta tana yi mini dariya. Wuri ne mai kyau, Yayana, ga bishiyoyi, ga furanni, amma a idona kamar gona ce da damina ta yi wa nisa, tunda ba ka cikinsa.

Ka tuna ranar da ka kawo ni? Ka ɗora akwatina a ka, ka haura bene kana haki, kana cewa duwatsu na zuba a ciki. Da ka ga gadona yana rawa sai ka durƙusa da sabuwar rigarka, ka zaro guntun katako daga aljihu ka tokare ƙafarsa. Wane ne yake zuwa rakiyar matarsa da katako a aljihu in ba kai ba? Sai da mai kula da ɗakunan kwana ta yi ta buga ƙofa tana cewa maza su fita, sannan ka miƙe. Ka ce in ban zo ta ɗaya ba kada in dawo maka gida, ka juya da sauri don kada in ga idanunka. Na gani.

Na san abin da ya sa ka matsa mini in nemi makarantar nan. Ka gaji da ganina ina lissafin wata, wata yana wucewa ina kuka a bayan ƙyaure. Shekarun nan da muka yi babu haihuwa, ba ka taɓa yi mini kallon banza ba, ko da mutane suka yi ta surutu. Ka ce in tafi in cika hannuna da ilimi, saura kuma mu bar wa Allah.

To ga maganar. Dole ne kowane sabon ɗalibi ya yi gwajin lafiya a asibitin makaranta. Na je da kasala a jikina, ina zaton sauyin wuri ne. Da sakamako ya fito, ma'aikaciyar jinyar ta kira ni ciki, ta rufe ƙofa, ta ce: "Ƙanwata, maigida ya san ba ke kaɗai ya kawo mana ba?" Ban gane ba sai da ta faɗa mini ƙarara. Yayana, ina da ciki. Na roƙe ta ta sake gwadawa, ta sake, bai canza ba. Na zauna a kan wani benci na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba, ita tana bubbuga mini baya.

Tun daga ranar zuciyata ta rabu biyu. Na haɗa kayana zan taho, na kai har bakin ƙofa, na dawo na zazzage. Ta yaya zan raini abin da muka daɗe muna roƙo nesa da kai? Wa zai ji motsinsa na farko tare da ni? Amma kuma ta yaya zan watsar da abin da ka tsaya a gaban kowa ka kare mini? Likita ta ce lafiyata ƙalau, zan iya karatu, kuma akwai waɗanda suka yi kafin ni. Raina ya fi karkata ga in zauna, sai dai ba zan yanke ba sai na ga fuskarka.

Ka zo mini ƙarshen makon nan, don Allah, kafin a fara lacca. Ka rufe shagon, kujerun mutane su jira. Kada ka kira ni a waya idan ka gama karantawa, ba na so in ji wannan farin cikin ta cikin ƙarfe. Kada kuma ka faɗa wa Inna tukuna, ina so mu durƙusa gabanta tare. Zan tsaya a bakin babbar ƙofa tun safe, duk motar da ta tsaya sai na leƙa.

Ko kusa ko nesa, amanarka tana hannuna, kuma babu wanda zuciyar nan za ta buɗe wa ƙofa bayan kai har numfashina na ƙarshe.

Taka, matarka,
da baƙon da ke gaishe da Abbansa.