Rumbunan da ke Bayan Baba

Gangara, 4 ga Maris 1985

Zuwa ga Malam Nomau mai hoto, Gazawa.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, don ni dai ba lafiya nake ba. Ni ne Haladu ɗan Gidaɗo, tsohon da ya fito a shugaban 'yan baka ranar da matasan samariya suka yi wasan yaƙin kakanni a garinmu. Ban shiga lakol ba, da kaina na koyi boko, to ka karanta haka nan.

Jiya a kasuwa aka ce mini hoton Baba na rataye a ƙofar shagonka. Na zo na gani. Malam, wane irin aiki ne wannan? Mutum ya sa rigar layu ta kakanshi, ya rataya kwari, ya ja baka, kai kuma ka tura shi can gefe kamar wanda ya zo kallo. Tsakiyar hoton duka rumbunanmu ne guda uku, an sauke musu jinka, kowa na ganin ba ko zangarniya. Ga bangon masallaci, ga tsamiya, duk ba su yi maka ba?

Wata biyar Baba na gaya wa mutane muna da abin da zai kai mu damina. Yanzu direbobin tasha na tambayata ko rumbunan ne abokan gabar da yake harbi. Ka sauke shi kafin kasuwa mai zuwa. Na faɗa da ladabi iyakar wanda ya rage mini.

Ka huta lafiya.
Haladu

Gazawa, 9 ga Maris

Ɗana Haladu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da mutan gida. Allah ya kawo mana ruwa.

Shekara ashirin ina wannan sana'a, na san yadda ake ɗaukar jarumi. A tsaida shi tsakiya, bango fili a bayanshi, rana a gefen fuska, ni in durƙusa don ya fito da tsawo. Haka na shirya mahaifinka a jikin masallaci. Shi ya ƙi. Ya ja ni har bayan gidanku, ya tsaya inda ka gani, ya sa na ja da baya sau uku, kowane ja yana tambaya ko rumbu na ukun ya shigo.

Na ce mishi rumbunan za su cinye hoton. Ya ce, "Su nake so su cinye."

Ya sa na wanke biyu. Ɗaya ya ce in ba mai jakin da ke bi ta daji, tunda iyaka a rufe take, a kai wa ƙanenshi Sajo a Ɗankama, can ƙetaren iyakar. Na tambaya ko da saƙon baki, ya ce a'a, a ce kawai ga yayanshi cikin kayan yaƙi.

Ratayawar kuwa laifina ce. Ban taɓa yin hoto mai kyau kamarsa ba, sai son raina ya rinjaye ni. Na sauke.

Naka,
Nomau

Gangara, 21 ga Maris

Malam Nomau,

Gaisuwa mai yawa. Takardarka ta ƙara mini haushi, sai dai yanzu ban san wa zan ji haushinshi ba.

Baba Sajo ya iso shekaranjiya da jakai biyu, masara da garin rogo. Shekara shida rabonsu da magana shi da Baba. Baba ya tsaya a zaure yana mishi faɗa, wai an aika mishi hoton baka da kwari, shi kuma idonshi sai leƙen abin da ba a nuna mishi ba. Baba Sajo ya ce ai hanya ce ta biyo da shi. Suka sauke buhunan tare, ba wanda ya kalli wani.

Yara sun ci tuwo sau biyu jiya.

Maganganun da na faɗa maka, ka yafe rabi, rabin ka cancanta. In Baba ya shigo Gazawa, kada ka nuna mishi na sani.

Sai mun haɗu.
Haladu