Ya Naɗe Darduma Ɗaya

Daren Alhamis, Old Trafford

Yau ma na je Birmingham wajen matar nan mai tausar ciki irin ta gargajiyar wata ƙabila da ake kira Maya. Kullum takan ɗumama mai ta riƙa turo marata sama a hankali, wai mahaifata ce ta karkace, in ta koma mazauninta zan samu ciki. Kumburin cikina ya ragu, ban musa ba, amma ai ba don shi nake wannan sintirin ba.

Da na ce mata al'adata ta yi jinkiri, sai ta janye hannu tana murmushi, ta ce ba za ta taɓa ni ba sai na yi gwajin ciki. Ni kuma sakarya, har na fara zaɓen suna a jirgin ƙasa.

Kafin mu iso Manchester jinin ya zo.

Ban iya gaya wa mijina Baban Gida ba. Lokacin isha'i ya shimfiɗa mana darduma biyu kamar kullum, ya tsaya yana jirana. Na ci gaba da zama a bakin gado. Ya dube ni, ya sunkuya ya naɗe tawa, ya tada sallarsa shi kaɗai.

Wallahi gara a ce faɗa ya yi.