Na ƙi jirgin da aka aiko wa matata, 'ya'yana ba su sani ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma mai zagi ya dakata har ya kai ƙarshe.

Ni dattijo ne, manomi, a Kwatarkwashi. Ina da aminin da muka yi kiwo tare muna yara, yau Allah ya ba shi dukiya har da jirgin sama nasa na kansa. Shekarar da ya saye shi ya aika aka ɗauko ni in gani. Na sa babbar rigata ta sallah. Zan zauna ke nan sai ma'aikacinsa ya yi wuf ya shimfiɗa leda a kan farar kujerar. Alhaji, aminin nawa, ya bushe da dariya, ya ce, "Zauna mana, sarkin noma, kada ka shuka mana gero a ciki!" Na fito ban zauna ba, na rantse ƙafata ba ta ƙara taka jirgin nan.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da matata Hajara, Alhaji ya kira ni da kansa. "Kawo ta Abuja, jirgi na jira, Masar za a kai ta." Na ce, "Mun gode, Alhaji, ba mu da leda." Na kashe waya. Na ɗauki shatar mota zuwa asibitin Zariya, ba mu wuce Tsafe ba rai ya yi halinsa.

Ajali ne, na sani. Jirgi yana ƙara wa mutum kwana? Talaka ba shi da mutunci ne? Har gobe ban ce ledar nan daidai ce ba. Abin da ke ci na shi ne ban taɓa tambayar Hajara ba. Rantsuwata ce, amma ranta ne. 'Ya'yana kuwa sun ɗauka Alhaji ne ya ƙi taimakon uwarsu. Da ya zo ta'aziyya babbar ɗiyata ta ƙi fitowa gaishe shi, ya kalle ni, bai tona ni ba. Ni ma ban gaya musu gaskiya ba.

Yanzu shi ne kwance a Masar, ya aiko yana son ganina, jirgi zai zo. Ɗiyata ta ce, "Baba, in ka hau jirgin da aka hana Inna, ka ci amanarta."

Ba don jirginsa zan tafi ba, ko a tsaye sai in yi tafiyar. Amma in na tafi, dole in gaya mata wanda ya hana Inna. Me zan yi?